Bahagon Kadoji

Tun kafin Telei ya bar tsibirin Guam zancen yaron ya fara damunsa, ba don komai ba sai don yawan masu yabonsa. Yayarsa Dilmei ce ta fara kiransa daga Koror, babban garin ƙasarsu Palau. Bayanta sai wani tsohon abokin karatunsa, sai faston cocinsu, sai wata gwaggonsa da ko dokokin besbol, wasan nan na jifa da bugun ƙwallo da kulki, ba ta sani ba. Duk maganarsu ɗaya ce: akwai wani bahago a ƙungiyar Kadoji, sunansa Uchel, shekarunsa goma sha takwas, tun da aka fara jefa ƙwallo a Palau ba a taɓa ganin hannu irin nasa ba. Har bidiyon wani wasansa aka turo masa a waya. Abin da ya tsaya wa Telei a rai shi ne har kalmomin iri ɗaya ne, kamar an tara su a ɗaki ɗaya an biya musu.

Shi Telei ya taɓa zuwa Amurka yana saurayi. Ya yi 'yan shekaru a ƙananan ƙungiyoyi yana tsugune bayan masu bugu yana cafe ƙwallo, har gwiwoyinsa suka gaji. Da ya dawo sai ya zauna a Guam yana koyar da wasanni a makarantar sakandare, a gefe kuma yana yi wa wani Bature mai suna Pritchard aikin sa ido. Pritchard a Brisbane yake zaune. Shi ke nemo wa wata babbar ƙungiyar Amurka yara a duk wannan yanki na teku, kuma ba ya hawa jirgi sai Telei ya ce masa abin ya kai a zo a gani. In da Telei zai kira shi ya zo ya tarar da shirme, ba sunansa kaɗai zai ɓaci ba, duk yaran tsibiran nan ya rufe musu ƙofa.

Ranar Asabar da hantsi ya ari motar Dilmei ya nufi gabashin tsibirin Babeldaob, inda Kadoji za su kara da Jemagu, 'yan ƙauyen da ke gaba da nasu. Filin yana bayan makarantar firamare, tsakanin gonakin gwaza da bakin ruwa. Ya tarar an yi wa ciyawa aski, an zuba farin layi sabo, mata sun jera tukwane a ƙarƙashin rumfa. Bai gama rufe mota ba sai ga Masang ya taho yana baza hannuwa, bakinsa ja wur da buuch, irin goron da suke tauna a can.

Masang shi ne kocin Kadoji, kuma yayan mahaifiyar Uchel, don haka shi ke da ta cewa a kan yaron. Suna samari shi ke jifa Telei yana cafe masa.

"Mai gwiwar katako," in ji Masang. "Abincin Guam ya karɓe ka. Yanzu in ka tsuguna sai an kira mutum biyu sun ɗaga ka."

"Kai ma ai tumbin nan ba a gonar gwaza ka same shi ba. Ina yaron?"

"Sauri me kake yi? Zo ka zauna tukuna. Ga kujera an ajiye maka a inuwa, ga ƙaguwa, ga miyar ganye da kwakwa. Daga nan kana ganin komai."

Telei ya dubi kujerar. An ajiye ta can gefe, kusa da tukwane, inda mutum zai ga an jefa ƙwallo amma ba zai ga inda ta bi ba.

"Na gode, Yaya Masang. Bayan alƙali zan tsaya."

"Rana fa za ta gasa ka."

"Ta saba."

Masang ya yi dariya, amma sai da ya ɗan tsaya yana kallonsa kafin ya juya.

Da Uchel ya hau tudun jifa, Telei ya ji ransa ya ɗan kwanta. Yaro ne dogo, siriri, mai faɗin kafaɗa, hannuwansa kamar za su taɓa gwiwa. Ba ya gaggawa. Yana ɗaga ƙafa a hankali, ya tattara jikinsa, sannan hannun hagun ya fito daga bayan kunne kamar bulala. Telei ya ɗaga na'urarsa ta auna gudun ƙwallo ta cikin ragar waya. Jifan farko mil tamanin da takwas a awa, na biyu ya ɗara haka. Ga yaron da bai taɓa ganin ƙwararren mai horarwa ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Na'urar kuma tasa ce, a jakarsa ta kwana, ba wanda ya taɓa ta.

Mai bugu na farko ya kaɗa kulki sau uku bai taɓa ƙwallo ba, ya fita. Na biyu haka. Na uku haka. Mata suka dinga buga murfin tukunya.

A zagaye na biyu ne Telei ya fara tsuke baki. Miƙaƙƙen jifan yaron gaskiya ne, amma jifansa mai lanƙwasa ɗanye ne. Tun kafin ya kai wurin mai bugu yake faɗuwa ƙasa yana tada ƙura, duk da haka Jemagu suna kai masa kulki kamar masu korar ƙuda. Ya ga wata ƙwallo ta wuce can waje, alƙali ya ɗaga hannu ya ce ta shiga. Ya tambayi wani tsoho da ke kusa da shi ko wane ne alƙalin.

"Surukin Masang ne," in ji tsohon. Sai kuma ya yi sauri ya ƙara da cewa, "Amma mutum ne mai gaskiya."

Sai Kyota ya fito riƙe da kulki. Telei ya san Kyota tun yana ƙarami, shi ya koya masa tsayuwa a wani hutun makaranta. Yanzu ya kusa shekara talatin, kuma duk ƙasar ba wanda ya kai shi ido a kan ƙwallo. Wani abu kuma da kowa ya san shi da shi, zuciya. In aka fitar da Kyota, sai ya yi jifa da hula, ya zagi alƙali, ya shuri bokitin ruwa, wani lokaci har ya ƙi cin abinci.

Uchel ya jefa mai lanƙwasa, ta faɗi ƙasa, Kyota ya kaɗa. Ya sake, ya sake kaɗawa. Ta uku ta zo sama da kafaɗarsa, irin wadda Kyota ba ya ko motsa mata, ya kai mata kulki ya sari iska. Ya juya a natse ya koma benci, ya ajiye kulkinsa a jere da na sauran, ya karɓi rogo daga hannun wata mata ya fara ci.

Telei ya sauke na'urar ya mayar da ita jaka. Daga nan bai ƙara kallon yaron ba, bencin Jemagu ya koma kallo. Ana cinsu a gaban matansu da iyayensu, amma ba wanda ya ɗaure fuska. Kocinsu yana naɗa buuch yana hira. Duk wanda aka fitar, kafin ya zauna sai ya ɗan saci kallon inda Telei yake tsaye.

Da aka tashi, mutane suka kewaye shi. Masang ya jawo yaron ya tsayar a gabansa.

"Gaishe da babanka Telei. To, ka gani da idonka. Yaushe Baturen zai zo?"

Uchel ya sunkuyar da kai ya miƙo hannu biyu. Tafinsa duk kanta, irin ta mai jan igiyar jirgi. Telei ya nemi su haɗa ido, yaron bai ɗago ba. Ko kunya ce ta yaro a gaban manya, ko wani abu ne daban, Telei bai iya rarrabewa ba.

"Hannu akwai," ya ce. "Ku bar ni in kwana da abin."

Da yamma a gidan Dilmei, tana soya kifi yana zaune a bakin ƙofar kicin, ya tambaye ta wanda ya ce ta kira shi.

"Sai an ce in kira ƙanena?"

"Yaya, ke da rabonki da filin wasa tun ina makaranta. Ina kika san jifa mai kyau?"

"Kunne gare ni. Gari duk ana faɗa."

"Masang ya zo nan?"

Ta juya kifin, ta daɗe tana gyara wuta.

"Ya zo gaisuwa. Ka manta matarsa 'yar ɗakinmu ce? Telei, ka daɗe a waje, kowa ka gani sai ka ɗauka da wata a ƙasa. Yaron nan uwarsa ita kaɗai ke riƙe da su. Ba ya sha, ba ya yawo. Mene ne laifi in mutane sun so shi da alheri?"

"Ban ce laifi ba ne."

"To ci abincinka."

Washegari bayan an taso daga coci ya koma gabashin Babeldaob, ya wuce filin, ya shiga ƙauyen Jemagu. Ya sami Kyota a bakin gaɓa yana fere kifi a kan wani katako, ƙananan kifaye suna ta wasoso a ruwa a ƙarƙashinsa.

"Malam," in ji Kyota, ya miƙe yana goge hannu a wando. "Da ka aiko ai da na zo."

"Zauna. Na zo duba ka ne, na ji an ce idonka ya samu matsala."

"Idona? Lafiyarsa lau."

"To wanda na gani jiya yana sarar iska ƙaninka ne?"

Kyota ya yi 'yar dariya ya koma kan kifinsa. "Yaron yana da hannu, Malam."

"Yana da shi. Amma ƙwallon da ta faɗi ƙasa tun a rabin hanya, ko kakata ba za ta kai mata kulki ba. Kuma tun da nake ban taɓa ganin an fitar da kai ka ci rogo ba."

"Girma ne ya zo."

"Kyota."

Wuƙar ta tsaya. Kyota ya dubi hagu da dama, ko da yake ba kowa a gaɓar sai wani kare.

"Ba wanda ya ce mana mu yi wani abu. In ka ce na faɗa, zan ce ban faɗa ba. Masang ya zo ya zauna da dattawanmu, suka ci buuch, suka yi hira. Ya ce tun da ake wasan nan, daga kai ba a sake ɗaukar kowa ba. Ya ce kana zuwa sau ɗaya ne, wasa kuwa akwai wani mako mai zuwa. Shi ke nan. Dattawa suka dawo suka ce mana yaron ɗan kowa ne. Kakarsa ta wajen uba 'yar nan ce, ka sani."

"Tun yaushe?"

"Jiya kaɗai." Ya ci gaba da fere kifin. "Da wasan da aka ɗauka a waya aka tura maka."

"In da gaske kake fa, kana bugunsa?"

"Miƙaƙƙen yana ba ni wuya, wallahi yana ba ni. Mai lanƙwasar kuwa, tun tana hannunsa nake ganinta."

"Shi yaron ya sani?"

Kyota ya ɗaga kafaɗa ya watsa hanjin kifi a ruwa. "Wannan sai ka tambaye shi."

A hanyar komawa Koror Telei ya dinga juya abin. Yana iya hawa jirgi ya koma Guam bai ce wa kowa komai ba, amma na'urarsa ba ta yi ƙarya ba, kuma bahago mai wannan hannu ba kullum ake samunsa ba. Abin da yake bukata shi ne mai bugu da ba shi da kaka a ƙauyen kowa. Ya lissafa duk wanda ya sani, kowanne sai ya tarar ko suruki ne, ko ɗan ɗaki, ko an taɓa yi masa gudummawar ginin gida. Can ya tuna da Morishige, wani Bajapane da ke kai baƙi ninƙaya a ƙarƙashin ruwa, wanda ya yi wa jami'arsu wasan besbol kafin ya zo Palau.

Ya same shi a tashar jiragen ruwa yana wanke tulunan iska. Kafin ya gaya masa abin da ya kawo shi, sai da ya tambaye shi gidan wa yake haya, wa ke sayar masa da mai, ko yana neman wata 'yar gabas. Morishige ya amsa duka yana kallonsa da mamaki.

"Telei-san, aikin ɗan sanda ka koma?"

"Kusan haka. Ka san wani Masang?"

"Ban san shi ba."

"To gobe da safe kada ka fita da baƙi. Ka zo da kulkinka."

Sai da gari ya waye ranar Litinin sannan ya kira Masang, ya ce a kawo yaron filin makaranta yanzu, akwai ɗan abin da yake so ya sake dubawa. Da gangan ya ƙi ba shi lokaci. Duk da haka, kafin su isa, mutum kusan ashirin sun riga sun tsaya a gindin itatuwan kwakwa.

Masang ya ga Morishige yana fitowa daga mota da kulki, fara'arsa ta ɗauke.

"Wane ne wannan?"

"Abokina ne. Zai ɗan tsaya wa yaron."

"Ai ka gan shi shekaranjiya a gaban mutum tara. Hannunsa bai huta ba. So kake ka karya mini ɗa?"

"Jifa kaɗan ne. In ya ce hannunsa na ciwo, mu fasa." Telei ya juya wajen yaron. "Uchel, yana ciwo?"

Yaron ya dubi kawunsa, ya dubi ƙasa. "Ba ya ciwo, Baba."

Telei ya ɗaura kariyar ƙirji da ta fuska, ya sa safar fata, ya tsuguna da ƙyar, gwiwoyinsa suna ƙara. Ba alƙali, shi zai faɗi wadda ta shiga. Ya nuna yatsa ɗaya, alamar miƙaƙƙe. Ƙwallon ta zo ta faɗa safarsa da wata ƙara da ya daɗe bai ji ba, har tafinsa ya yi zafi. Morishige ya makara, ya ja da baya yana gyaɗa kai. Ta biyu ya taɓa ta da ƙyar ta yi gefe. Masu kallo suka fara tafi.

Telei ya nuna yatsa biyu. Mai lanƙwasa ta faɗi ƙasa, Morishige ko motsi bai yi ba. Aka sake, bai motsa ba. Uchel ya tsaya yana kallonsa kamar wanda ya yi sallama ba a amsa ba. Da ya ga haka sai ya sassauta ta don ta shiga, ta zo tana lilo a tsakiya. Morishige ya sa mata kulki, ta tashi ta tsallake shinge ta faɗa gonar gwaza.

Tafi ya tsaya. Daga nan abin ya zama kamar wasan yara. Morishige ya gane lokacin da miƙaƙƙen ke zuwa, ya fara tarar sa da wuri. Ɗaya ta bi ta gefen kunnen Uchel, ɗaya ta daki bangon aji, ɗaya ta sake komawa gonar.

"Ya isa," in ji Masang daga gefe. "Telei, ya isa haka."

Uchel ya juya ya dubi kawunsa. Ya daɗe yana kallonsa, ba ƙiftawa. Telei yana leƙen fuskar ta cikin ƙarfen kariyarsa yana so ya karanta ta. Ko kallon wanda ya gano an yaudare shi ne, ko na wanda ke cewa ai na gaya maka asiri zai tonu, duka biyun za su iya zama.

Sai yaron ya sauko daga tudun. Telei ya ɗauka tafiya zai yi. Amma wajen Morishige ya nufa, ya cire hula.

"Yallaɓai, ta yaya kake sanin wadda za ta zo?"

Morishige ya dubi Telei, Telei ya gyaɗa masa kai.

"In za ka jefa mai lanƙwasa, kana buɗe safarka kana gyara yatsu, ina gani daga nan. Gwiwar hannunka kuma tana sauka. In ban ga haka ba, na san miƙaƙƙe ne, sai in shirya."

"Ba wanda ya taɓa gaya mini."

Ya koma kan tudun, ya tsaya yana cusa hannu a safa yana fitarwa, yana gwada riƙon a ɓoye. Masang ya sake cewa a tashi, yaron ya yi kamar bai ji ba. Jifan da suka biyo baya ba kyau. Biyu suka wuce saman kan Telei, ɗaya ta kusa samun Morishige a haƙarƙari. Amma safar ta daina buɗewa. Can sai wata mai lanƙwasa ta fito daidai, ta taho kamar miƙaƙƙiya, ta karye a gaban kulki. Morishige ya kaɗa ya kusa faɗuwa. Ta gaba kuwa ya sake aika ta gonar gwaza. Uchel ya miƙa safa a ba shi wata ƙwallon.

Telei ne ya tsayar da su, don gwiwarsa ta ƙi. Ya ce wa yaron ya raka shi mota ya ɗauko ruwa. Da suka yi nisa da mutane ya tambaye shi kai tsaye.

"Ka san abin da aka shirya ranar Asabar?"

Uchel ya daɗe yana murza murfin gora.

"Ba wanda ya gaya mini komai, Baba."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

"Na ga Kyota bai zage ni ba. Kullum in na fitar da shi sai ya zagi har kakannina." Ya miƙa masa gorar. "Na ce a raina ko don kana wurin ne."

"Ka yarda da hakan?"

"Na so in yarda."

Telei ya dube shi. Amsar ta yi kyau, har ta so ta yi kyau da yawa, kuma yaron ɗan ƙanwar Masang ne. Amma mutum ba ya iya ƙirƙirar abin da ya gani a kan tudun nan, yaro ana ta aika ƙwallonsa gona yana miƙa hannu a ƙaro masa.

Masang ya iso yana huci, dattawa biyu a bayansa.

"Ka kawo baƙo ka kunyata mu a filinmu."

"Ni na fara, Yaya Masang?"

Masang ya tofar da jan yawu gefe.

"Ga abin da na gani," in ji Telei. "Hannun gaskiya ne, ƙarfin ma zai ƙaru in ya yi nama. Jifa ɗaya gare shi, na biyun yau aka haife shi. Bai san yadda ake fita daga matsi ba, don ba a taɓa barinsa ya shiga ba. In Pritchard ya zo yanzu, kallo ɗaya zai yi ya tafi, kuma ba zai dawo ba. Ba zan kira shi ba. Ku ba ni yaron ya zauna wurina a Guam shekara ɗaya, ya yi wasa da sojoji da ma'aikatan da ba su san uwarsa ba. In ya tsaya, akwai wata kwaleji a Arizona ta Amurka da kocinta ke jin maganata."

"Ah to," in ji Masang, ya juya wajen dattawan. "Kun ji ko? Dama can so yake ya raba mu da shi, ya kai shi can ya sayar da sunansa shi kaɗai. Nawa Baturen ke ba ka a kan kowane kai?"

"Tambayi uwarsa, in ta ce a'a shi ke nan."

"Ni ne kawunsa."

"Kai ne. Shi ya sa kai na fara gaya wa."

Telei ya koma Guam bai san yadda za ta kaya ba. Dilmei ma da ƙyar ta yi masa sallama a filin jirgi, ta ce ya sa ba ta iya ɗaga kai a coci. Ya rubuta wa Pritchard cewa akwai wani bahago da ya kamata a sa wa ido, amma ba bana ba. Zancen wasan Asabar bai saka ba.

Bayan kamar wata biyu Uchel ya sauka a Guam da jaka ɗaya da kwalin kifi mai ƙanƙara. Matan gidansu ne suka zauna suka yanke, Masang ya sa hannu ba da son ransa ba. Telei ya ba shi ɗakin baya, ya samo masa aikin ɗaukar kaya a wani kantin kayan gini. Watannin farko Telei bai saki jiki da shi ba. In yaron ya ce ya yi gudun safe, sai ya taɓa takalmansa ya ji ko da raɓa. In ya ji shi a waya da harshen gida, sai ya rage sautin talabijin. Matar Telei ta ce masa wata rana, in ba zai yarda da yaron ba ya mayar wa uwarsa shi, gidanta ba ofishin 'yan sanda ba ne.

Wasan Uchel na farko, da suka kara da ƙungiyar sojojin ruwa, ba su bar shi ya kai zagaye na uku ba. Na biyu ma haka. In sun isa gida sai ya zagaya baya ya dinga jifan wata tsohuwar katifa da ya jingina da bango, har maƙwabta suka kawo ƙara. Wajen ƙarshen kakar wasa ya fara kaiwa zagaye na shida, na bakwai, kuma sojojin suka daina yi masa dariya suka koma zaginsa.

Ya tafi Arizona a shekarar da ta biyo. A can Pritchard ya fara ganinsa, ya tsaya bayan raga wasa biyu, ya kira Telei ya ce yaron ba tauraro ba ne, amma bahago ne mai jin magana, za su gwada shi a ƙaramar ƙungiyarsu ta can ƙasa. Ya yi kaka uku a can yana hawa bas daga gari zuwa gari, bai taɓa kaiwa babbar ƙungiyar ba, daga baya kafaɗa ta fara damunsa suka sallame shi.

Yanzu yana Koror, yana aiki a hukumar kashe gobara, da yamma yana koya wa yara jifa. Masang da Telei ba su sake magana ba sai a wajen jana'izar mijin Dilmei, inda aka zaunar da su a tabarma ɗaya. Suka yi zancen tsadar man jirgi da ciwon gwiwa, Masang ya ba shi sunan wani magani da ya ce yana yi masa aiki.